Babi na Biyar: Idan Amfilifaya Ta Yi Shiru

Birnin Kudu ba ta wayewa shiru. Tun kafin assalatu lasifikokin masallatai ke amsa wa juna, daga cikin gari har bakin titin Kano. Da hantsi mai tallan magani ya ɗaure tasa a saman mota ya nufi kasuwa, ko Babaldu ko Sara ta ƙasar Gwaram, ya danganta da wadda ke ci a ranar. Da yamma gidajen kallon ƙwallo su karɓa. Ranar biki akwai masu kiɗa, watan azumi akwai tafsiri, in kakar siyasa ta kama kuwa ba a magana. Garin da ma yana da tsohon tarihi da sauti: a 1955 ne Bernard Fagg, Baturen nan mai binciken kayan tarihi, ya ci karo da abin da mutanen gari suka daɗe da sani, wato duwatsun da ke amon ƙarfe idan an ƙwanƙwasa su, a yankin da aka zana shanu jikin kogon dutse. Wancan amo hannu kawai yake buƙata da ɗan guntun dutse. Na yau duk a wuyan wutar lantarki ya rataya.

Kayan sautin da ke yawo a wannan yanki sun kasu gida uku. Akwai na masallatai da makarantun Islamiyya, galibi Ahuja ta Indiya ko TOA ta Japan, waɗanda da yawansu ke aiki da wutar gari da kuma batir. Akwai tsofaffin rediyoyin falo masu kaset da faifai, irin su Sony, Kenwood, Pioneer, Technics, Aiwa da Sharp, da ma'aikata da 'yan kasuwa suka saya tun shekarun 1980 da 1990, ko aka shigo da su gwanjo daga baya. Sai kuma 'yan China na yanzu masu Bluetooth da ramin memori, marasa nauyi, masu araha. Duk sanda ɗaya daga cikinsu ta ƙi tashi, magana ɗaya mai ita ke yi: ta ƙone. Wasu daga nan sai su tura ta ƙarƙashin gado, wasu su ba 'yan gwangwan a kuɗin da bai kai na cefanen rana ba. Abin yana mini ciwo, domin in ka zauna da masu gyara za su gaya maka cewa mafi yawan lokuta ɓangaren da ke yin sautin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya taɓu shi ne sashen da ke karɓar wuta daga soket yana gyara ta kafin ya miƙa wa sauran. Shi ne ya fi kowane sashe shan wahala a ƙasarmu, kuma shi ne ya fi sauƙin ceto.

Wutar da ke zuwa soket, bisa ƙa'ida, bolt 230 ce, kuma ba hanya ɗaya take bi ba. Kai-komo take yi, zuwa da dawowa sau 50 a daƙiƙa guda. Taransistocin da ke ƙara ƙarfin murya ba sa iya aiki da irin wannan. Su wuta suke so natsattsiya mai tafiya gefe ɗaya irin ta batir, kuma kaɗan: bolt 12, ko 24, ko 35 zuwa 50 a manya. Don haka a tsohuwar amfilifaya wutar kan fara bi ta fiyus, ta shiga taransifoma, wannan dunƙulen ƙarfen da ke sa kayan nauyi, ya rage ta. Daga nan dayod guda huɗu su juya ta ta fuskanci gefe ɗaya. To amma dayod guntu-guntu suke zubo ta, sau 100 a daƙiƙa, shi ya sa ake ajiye manyan kwandansa biyu a gabansu. Kwandansa kamar randa ce a tsakar gida. Mai ga-ruwa na zuwa ya juye jarka ya koma, amma mai ɗiba da moɗa ba ruwansa da zuwansa ko tafiyarsa muddin randar na da ciki kuma ba ta yoyo. Ranar da ta tsage kuwa, sai an tsaya jiran kowace jarka. Bayan kwandansa sai 'yan ƙananan regileta masu ƙafa uku, irin 7812 da 7805, da ke tsayar da wutar a kan bolt 12 ko 5 saboda sassa masu laushi. Iyakar sashen ke nan, kuma kowane yaro mai hankali zai iya gane shi a zama ɗaya.

Waɗanda suka ƙera waɗannan kaya sun yi lissafinsu ne da wutar da ba ta kauce wa ƙa'ida sai kaɗan, da ɗakin da ba ya wuce ɗumin da mutum ke sakewa a ciki. Mu ba haka muke ba. Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun daga Nuwamban 2013, kuma garuruwan kudancin Jigawa da ƙauyukansu dogayen layuka ne ke kai musu. Layi in ya yi tsawo, gidaje suka yi masa yawa, dole wutar ta sauka kafin ta kai ƙarshe. Da magariba kwan fitila ya yi ja, fanka ta riƙa juyi da ƙyar. Sai tsakar dare, an kashe kaya, wutar ta haura. Mafi muni shi ne ranar da wayar nutural ta tsinke ko ta saki a jikin taransifomar unguwa. Tsakanin layi da layi akwai kimanin bolt 400, kuma in nutural ta tafi, wani gidan zai iya samun abin da ya kusa haka a soket ɗinsa alhali maƙwabcinsa na zaune da rabin wuta. Ranar ce za ka ga unguwa guda ta yi layi a ƙofar mai gyara da talabijin da rediyo da cajar waya.

Janareta ma ba kanwar lasa ba ne. A ƙarshen Oktoban 2024, da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda babu wutar gwamnati, duk abin da ke da filogi a kan janareta ya koma. Ƙaramin janareta ba shi da abin da ke riƙe masa wuta daidai. Idan mai ya kusa ƙarewa yana ta shaƙewa yana farfaɗowa, wutarsa ma haka take hawa da sauka. Idan aka zare masa kaya mai nauyi, kamar dutsen guga ko firiza, sai ya yi tsalle, kuma amfilifayar da ke manne da shi ce ke karɓar dukan. Idan kuma juyinsa ya yi ƙasa da ƙa'ida, taransifoma na ɗaukar zafi ko da mita ta nuna bolt daidai. A ƙara da tsawar damina da ke biyo waya, da zafin bazara da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, da ƙurar hunturu da ke toshe ramukan shan iska ta lulluɓe ƙarfen da aka sa don ya kwashe zafi.

Akwai kuma kashe kaya da mutum kan yi da hannunsa cikin rashin sani. Kayan gwanjon da suka fito daga Turai wutarsu ɗaya da tamu. Na Amurka bolt 120 ne, na cikin gidan Japan kuma 100. Mutum ya sayo kyakkyawar amfilifaya a Kano, ya iso gida da murna, ya ga filogin bai shiga soket ba, ya yanke ya sa namu. Daƙiƙa biyu ba ta yi. Rubutun yana nan a bayanta kusa da inda waya ta shiga, wasu ma har da ɗan makunnin da ake juyawa daga 110 zuwa 220. Duba shi ba ya cin minti ɗaya.

Mai gyaran da ya san aikinsa da tambaya yake farawa kafin ya taɓa sukudireba. Ladan ya sauko daga babur rungume da amfilifayar masallaci a cikin buhu, an gaisa, an tambayi iyali da jama'a, sannan a shiga magana.

"Malam, yaushe ta ɗauke?"

"Jiya bayan isha'i, ana kawo wuta."

"Kun ji ƙara ko ƙauri?"

"Yaran sun ce ta yi ɗan hayaƙi ta baya."

"Allah gafarta Malam, akwai wanda ya buɗe ta kafin a kawo nan?"

Wannan ta ƙarshen ita ce mutane ba sa son amsawa, kuma ita ta fi muhimmanci. Daga nan ya kwance murfi, ya kai hancinsa. Ƙaurin naɗin taransifoma da ya dahu daban yake, ba ya ɓoyuwa, kuma yana daɗewa a jikin kaya. Ya karkata fanel ɗin wajen hasken ƙofa yana bin sa da ido: inda ya yi baƙi, inda dalma ta tsage ta yi zobe a gindin ƙafa, kwandansar da kanta ya kumbura ko ta zubo da wani abu ruwan ƙasa a gindinta, gawar ƙadangare ko kyankyaso da ya shiga neman ɗumi ya haɗa wayoyi biyu. Sai ya zaro fiyus ya ɗaga shi sama. Idan gilashin garau yake, zaren cikin ne kawai ya rabu a tsakiya, to wataƙila gajiya ce ko nauyi ya ɗan yi masa yawa. Idan gilashin ya yi baƙi ƙirin ko ya tsage, akwai abin da ya haɗe a ciki, kuma sa sabo kafin a gano shi asarar fiyus ce kawai.

Kafin hannu ya shiga ciki akwai abin da ba a tsallakewa. Kwandansa na riƙe wuta bayan an zare filogi, wani lokaci har mintoci da yawa. Ana auna ta da mita, in akwai saura a sauke ta a hankali ta cikin rizisto ko kwan fitila. Na sha ganin yaran shago suna ɗora bakin sukudireba a ƙafafunta don ta yi tartsatsi su yi dariya. Wannan yana cinye layin tagullar fanel, yana raunana kwandansar, kuma a kayan zamani, inda wutar da ke ciki ta haura bolt 300, wasa ne da rai.

Daga nan aikin mita ne, kuma bi da bi ake yi daga filogi zuwa ciki. Waya da makunni, domin sau tari a nan abin yake, tsinkewa ce a wuyan filogi. Naɗin farko na taransifoma: yana ba da hanya ko ya yanke? Dayod huɗun nan, kowane ya kamata ya ba da hanya ta gefe ɗaya ya hana ta ɗaya gefen. Wanda ya buɗe ta ko'ina ya mutu. Idan duk waɗannan lafiya, sai a raba sashen wuta da sashen sauti a auna manyan taransistocin da ke jikin ƙarfen sanyaya, irin 2SC5200 da abokinsa 2SA1943, ko dunƙulen STK na kamfanin Sanyo a tsofaffin kayan Japan. Sau da yawa su ne suka haɗe, saboda an jibga wa amfilifaya lasifika huɗu a inda aka yi ta don biyu, ko wayoyin lasifika sun taɓa juna a kan rufin masallaci, fiyus kuma ya yanke don kada gobarar ta ci gaba.

Abin da ya fi komai burge ni a teburin gyara ba mita ba ce, kwan fitila ne. Tsohon kwai mai zare a ciki, mai wat 60 ko 100, ana jona shi a kan waya ɗaya tsakanin soket da kayan da ake gyarawa, ta yadda duk wutar da za ta shiga sai ta bi ta cikinsa. Idan aka kunna, kwan ya yi wal sannan ya dushe ya koma ja-ja, to kwandansa ce ta cika, komai lafiya. Idan ya tsaya da haskensa tar, har yanzu akwai haɗewa a ciki, amma kwan ya shanye ƙarfin wutar, babu abin da zai sake ƙonewa. Da wannan ɗan abu mai gyara ke tsare sababbin kayan da ya saka da kuɗinsa. Kwayayen zamani masu cin wuta kaɗan ba sa yin wannan aiki, kuma masu zaren sai ƙara wuya suke a kasuwa. Duk mai koyon sana'ar nan da ya ga irinsu ya saya ya adana.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta wannan babi. Fiyus ba kasafai yake yankewa a banza ba. An sa shi ne da gangan ya zama mafi rauni a cikin kayan, ya mutu shi kaɗai a madadin abin da ya ninka shi kuɗi sau ɗari. Amma ranar Juma'a ce, liman ya kusa fitowa, ko amarya na hanya mai kiɗa ya riga ya karɓi kuɗi, sai wani mai karambani ya ce a ba shi minti biyu. Ya tsinko zare biyu daga jikin waya, ko ya yago takardar nan mai ƙyalli ta kwalin sigari, ya naɗe fiyus ɗin ya mayar. Wani lokaci abin ya tashi, a yi ta sa masa albarka. Abin da ya faru a zahiri shi ne an bar cutar a inda take an kuma cire abin da ke tare ta. Dayod ɗin da ya haɗe zai ci gaba da jan wuta, taransifoma ya yi ta dahuwa har fentin da ke jikin wayarsa ya narke, naɗi ya manne da naɗi. Gyaran da zai tsaya a kan dayod ɗaya da fiyus ɗaya ya koma na taransifoma sukutum. Kuma wannan in an yi sa'a ke nan. Amfilifayar masallaci a cikin akwatin katako take zama, kusa da darduma da littattafai, a ɗakin da ake kullewa a tafi. Ban ga uzurin da zai sa a ɗaure fiyus da waya ba, komai gaggawa. Liman zai iya ɗaga murya na rana ɗaya.

Ko sayen fiyus ɗin ma da ƙa'idarsa. A jikin hular ƙarfensa akwai rubutu, misali T2A 250V. Lambar tsakiya ita ce nauyin da yake ɗauka. Harafin T na nufin mai haƙuri ne, yana jure fizgar farko da taransifoma ke yi lokacin kunnawa. Mai harafin F nan take yake yankewa. Idan aka sa F a gurbin T zai yi ta mutuwa ba gaira ba dalili, har mai kaya ya gaji ya sa wanda ya fi ƙarfi, ko ya koma ga waya.

Kwandansa ita ce ke mutuwa a hankali, kuma tana sanarwa tun da wuri. Alamar ita ce gurnani mai kauri a lasifika, wanda ba ya raguwa ko an mayar da ƙarar sauti sifili, kuma yana fita ta kowane ɓangare. Wannan kai-komon nan ne na sau 100 a daƙiƙa ya samu hanya ya kai kunne. Idan kuwa gurnanin na bin ƙarar sauti, ko yana ɓacewa da an zare makirfo, to a bar sashen wuta a nemi wayar makirfo. Muryar da ke shaƙewa duk sanda mai wa'azi ya ɗaga ta, ko ganga ta buga da ƙarfi, ita ma sau da yawa daga nan take.

Abin da ke kashe kwandansa zafi ne. A cikin gwangwaninta akwai takarda jiƙe da wani ruwa, kuma ruwan yana ƙafewa da shekaru. Masu ƙera ta suna da lissafi sananne: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwananta biyu. Ɗauki wadda aka rubuta wa digiri 85, mai alƙawarin awa 2,000 a wannan zafin. Idan cikin amfilifaya yana kai digiri 65, abin da ba wuya a Gwaram cikin bazara a ɗakin kwano, za ta yi kimanin awa 8,000. A awa takwas kullum, shekara uku ba ta cika ba. Wadda aka rubuta wa digiri 105 kuwa, a wuri guda, za ta kai awa 32,000. Bambancin kuɗinsu kaɗan ne, bambancin kwana ninki huɗu. A ganina duk mai gyara a ƙasar nan ya kamata ya daina sayen mai 85 don sashen wuta.

Haka batun bolt. Taransifoma mai ba da 24 ta kowane gefe, in wutarsa ta bi ta dayod ta taru a kwandansa, tana komawa kusan 33, domin kwandansa ƙololuwar kai-komon take kamawa. Kamfani don tsimi sai ya sa mai 35, ya bar ratar bolt biyu kacal. Ranar da wutar gari ta haura 260, abin da ke kanta ya kusa 38, ta wuce iyakarta. Mai gyaran da ya fahimci inda yake zaune zai cire ta ya sa mai 50. Ana ƙara bolt, ba a ragewa. Girman cikinta kuma, wato lambar nan 4,700 ko 10,000, a bar shi yadda yake ko a ɗan ɗara kaɗan, kada a zarce, don fizgar farko za ta yi wa dayod yawa. Kuma tana da gaba da baya. Wadda aka juya ƙafafunta fashewa take yi.

Taransifoma in ya yi shiru ba lallai ya ƙone ba. Da yawa akwai ɗan ƙaramin fiyus na zafi da aka binne a ƙarƙashin takardar da ta rufe naɗin farko, kuma mai haƙuri zai iya tono shi ya sauya da irinsa. Idan naɗin ne ya dahu, sai masu naɗi, waɗanda ke yi wa fanka da injin ruwa. Ana zare ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, a warware tsohuwar waya ana ƙirga zagayenta, a mayar da sabuwa mai kauri ɗaya da adadi ɗaya. Wanda ya rage zagaye don ya tsimi waya ya ba ka taransifoma mai zafi da kuka. A kula kuma da wayar da aka shafa wa launin tagulla alhali cikinta alminiyam ne. A kankare bakinta da reza: in fari ya bayyana, ba ita ba ce. Dalma ba ta kama ta da kyau, kuma ta fi ɗaukar zafi.

Kayan yanzu ba su da wancan dunƙulen ƙarfe, shi ya sa yaro ke ɗaukar su da hannu ɗaya. Su kai tsaye suke juya wutar soket su tara ta a kwandansa guda mai bolt 400 ko 450, inda take zama kusan 325, sannan wani taransisto ya riƙa datsa ta sau dubbai a daƙiƙa yana tura ta cikin ɗan ƙaramin taransifoma. Dabara ce mai kyau, wasunsu ma suna jure ƙarancin wuta fiye da na da. Amma ranar da nutural ta tsinke, abin da ke hawa kan kwandansar nan yana iya wuce 550, kuma ba ita kaɗai take tafiya ba: taransiston, da ai-sin da ke ba shi umarni, da 'yan rizistocin da ke kewaye, tare suke mutuwa. In ka sauya ɗaya ka bar ɗaya, sabon ma ya bi su da an kunna. Shi ya sa masu gyara da yawa ke cire fanel ɗin gaba ɗaya su dasa wani mai ba da bolt iri ɗaya. Ban ga laifin haka ba, in dai an zaɓi wanda ƙarfinsa ya kai, aka ɗaure shi da kyau nesa da jikin ƙarfe, aka kuma bar fiyus a gabansa. Rabin wannan fanel yana ɗauke da wutar da ke kisa ko da an kashe makunni. Ba wurin koyon gyara ba ne ga wanda babu maigida a kansa.

Sola ta kawo sauƙi ƙwarai, musamman ga masallatan ƙauye da suka koma kan batir. Wutar batir ita ce ainihin abin da amfilifaya ke so, babu gurnani, babu tsalle. Matsalolinta biyu ne. Na farko juya waya, a sa ja a wurin baƙa cikin duhun asuba. Na biyu jona amfilifaya kai tsaye da faifan sola ba tare da batir da kwantirola ba. Faifan da ake kira mai bolt 12 yana haura 20 da tsakar rana idan babu kaya a kansa. Inbata mai araha kuma, wadda wutarta ba ta da laushin ta gari, tana sa taransifoma kuka da zafi, kuma ana jin zizarta a lasifika.

Mai gyara a Birnin Kudu ko Gwaram yana da wata wahalar da na birni bai sani ba. Fiyus da dayod irin 1N4007 da 1N5408 da ƙananan kwandansa yana da su a gwangwani, wasu ma daga matattun fanel ya ciro. Amma babban taransisto ko ai-si sai Kano, tafiyar fiye da kilomita 100, wajen 'yan kayan lantarki na Sabon Gari da titin France Road, waɗanda su ma da yawa daga kasuwar Alaba ta Legas suke sarowa. Ya ɗauki hoton abin a waya ya tura, ya tura kuɗi, a ba direba, ya je tasha ya karɓa. Sai ya buɗe leda ya tarar da jabu: taransisto mai suna daidai amma abin da ke cikinsa bai kai rabin na asali ba, ko kwandansa mai babban gwangwani da ba ta da nauyi a hannu. Araha ba ta ado. Masu gyara da dama sun fi yarda da abin da suka ciro daga tsohon kayan Japan a kan sabo fil a leda, kuma ga taransisto da dayod da taransifoma ina bayansu. Ga kwandansa ne kawai ban yarda ba, domin ita ko a ajiye take tana tsufa.

Wannan ne ya sa nake roƙon masu kaya su daina yi wa mai gyara ciniki kamar ana sayen tumatir. In ka matsa masa ya rage, wurin da zai rage shi ne ingancin abin da zai sa maka. Shi kuma haƙƙinsa ne ya faɗi gaskiya idan gyaran bai cancanta ba. Ƙaramar 'yar China da taransifomarta da ai-sinta suka tafi tare, kuɗin tashinta zai iya kamo na sabuwa. Tsohuwar Kenwood ko Ahuja kuwa kusan kullum ta cancanci a tashe ta, don an yi ta ne yadda za a iya kwancewa a sauya abu ɗaya.

Fitilar gaba ta kama ba ita ce shaidar an gama ba. Kafin a jona lasifika, a amfilifayar falo, ana auna bakin da wayarta ke shiga. Ya kamata mita ta nuna kusan sifili, in ta nuna bolt masu yawa to lasifikar ce za ta ƙone a gaba. A auna gefen wuta biyu a ga sun yi daidai da juna. A cire kwan gwaji, a sa mata sauti daidai ƙarfin da za ta yi aiki da shi, a bar ta kamar awa guda ana taɓa ƙarfen sanyaya da bayan hannu. A busa ƙurar da ke ciki, a sake dalmar da ta tsage ko da ba ita ta kawo matsalar ba. Idan ladan ya dawo ɗauka, a zuba masa matattun kayan da aka cire a leda ya kai wa kwamitin masallaci su gani da idonsu, a kuma gaya masa abin da zai kiyaye: ya fitar da ita daga rufaffen akwati ko a huda masa ramuka, kada a shimfiɗa mata ƙyalle a kai, a zare filogi duk sanda aka ɗauke wuta ko hadari ya taso, in an kawo a jira fitila ta tsaya tukuna, in akwai sitabilaiza a danna maɓallin jinkirinta, a kan janareta kuma ita ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa. Sannan a haɗa masa da fiyus biyu masu lamba daidai, a manna su da salatif a cikin murfin, a nuna masa inda suke.